Runduna ta Ɗaya ta Faransa, 1944 zuwa 1945: Yadda Aka Gina Ta da Yadda Aka Sauya Mata Fuska

A watan Yuni na 1940 Jamus ta murƙushe Faransa cikin makonni shida, ta mamaye arewacinta da gabar yammacinta, ta bar sauran ƙasar a hannun gwamnatin Marshal Philippe Pétain mai mazauni a garin Vichy. Shekaru biyar bayan haka, a daren 8 ga Mayu 1945, lokacin da manyan hafsoshin Jamus suka sa hannu a takardar miƙa wuya a birnin Berlin, akwai janar ɗin Faransa a cikin ɗakin, Jean de Lattre de Tassigny, kuma shi ma ya rattaba hannu a matsayin shaida. Abin da ya ba shi kujera a wannan ɗaki shi ne rundunar da yake jagoranta, wadda ake kira Runduna ta Ɗaya. Wanda yake son fahimtar wannan runduna bai kamata ya tsaya ga jerin garuruwan da ta ƙwato ba, domin tsarinta ne ya fi bayyana gaskiyarta: makamanta na Amurka ne, akasarin mayaƙanta na farko daga Afirka aka ɗebo su, kuma buƙatar siyasa ta Janar Charles de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ce ke juya akalarta, har ta kai ga mutanen da suka sauka a gabar tekun kudancin Faransa a watan Agusta, da dama daga cikinsu ba su ne suka ƙetare kogin Rhine a watan Maris ba.

Sunan ba sabo ba ne. Faransa ta yi Runduna ta Ɗaya a 1914, ta kuma yi wata a 1940 a ƙarƙashin Janar Georges Blanchard, wadda ta shiga Beljiyam ta gwabza a Gembloux, sannan aka yi wa ragowarta ƙawanya a birnin Lille, inda ta dage har ƙarshen watan Mayu, ta riƙe dakarun Jamus masu yawa a daidai lokacin da ake kwashe sojojin Birtaniya da na Faransa daga Dunkirk. Daga nan sunan ya kwanta. Abin da ya rage wa Faransa na ƙarfin soja ya rabu gida biyu, kuma gidajen biyu ba sa ga maciji. A gefe guda akwai rundunar da ke jibge a Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Yamma, wadda hafsoshinta suka ci gaba da biyayya ga Pétain. A ɗaya gefen akwai ƙalilan da suka amsa kiran de Gaulle daga Landan, waɗanda suka samu madafa ta farko a Afirka lokacin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bayyana goyon bayansa a ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru da sauran yankunan tsakiyar Afirka suka biyo baya. Nijar, kamar sauran Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta zauna a ɓangaren Vichy har ƙarshen 1942. Ɓangarorin biyu sun ma ɗaga wa juna bindiga a Siriya a 1941, kuma wannan tabo bai warke ba har yaƙin ya ƙare.

Saukar Amurkawa da Ingilishi a arewacin Afirka a ranar 8 ga Nuwamba 1942 ita ce ta sauya lissafi. Rundunar Afirka ta koma ɓangaren ƙasashen ƙawance, ta shiga yaƙin Tunisiya da tsofaffin makamai, ta sha wuya ƙwarai saboda haka. A taron Anfa da ke birnin Casablanca, a watan Janairu 1943, Shugaba Roosevelt na Amurka ya amince wa Janar Henri Giraud, mai jagorantar sojojin Faransa na arewacin Afirka a lokacin, cewa Amurka za ta ba da makamai da motoci da kaki domin a gina dibishan 11. A nan ne gardama ta farko ta taso, kuma gardama ce da ke nuna bambancin tunanin ƙasashen biyu. Faransawa suna son kowane mutum da suke da shi ya riƙe bindiga, domin yawan dibishan shi ne nauyin muryarsu a teburin shawara. Amurkawa kuwa suka dage cewa rundunar zamani ba ta motsi sai da dubban direbobi da makanikai da masu rediyo da injiniyoyi da ma'aikatan asibiti a bayanta, kuma ba za su ɗauki wannan nauyi a madadin Faransa ba. Da yake mulkin mallaka bai ilimantar da talakawan da ya mallaka ba, masu irin wannan ƙwarewa ba su wadata ba, sai aka rage adadin zuwa dibishan 8: biyar na sojojin ƙasa, uku na tankoki. Ƙarancin nan ne ma ya buɗe wa mata ƙofa, suka shiga aikin sadarwa da tuƙin motocin ɗaukar majinyata.

Yana da kyau mai karatu ya riƙe matakan tsarin a ransa. Bataliya ta ƙunshi mutum ɗaruruwa, bataliya uku ke yin rajimanti, rajimanti uku na sojojin ƙasa haɗe da manyan bindigogi da masu leƙen asiri da injiniyoyi ke yin dibishan mai mutum wajen dubu 15. Dibishan biyu zuwa huɗu ake tarawa a ƙarƙashin babban reshe guda, kuma rassa biyu ko fiye su ne ke yin babbar runduna irin wadda muke magana a kanta. An zuba dibishan ɗin Faransa a wannan ma'auni na Amurka, da tankokin Sherman da manyan motocin GMC da jif, amma aka bar musu sunayensu da tutocinsu da hulunansu na gado. Dibishan ɗin tankoki kuma aka raba kowanne gida uku, ko wane gida da tankokinsa da sojojin ƙasarsa da bindigoginsa, yadda zai iya yaƙi shi kaɗai.

Dibishan bakwai ne suka zama ƙashin bayan rundunar, kuma sunayensu kaɗai sun isa su faɗi inda aka samo mutanen: dibishan na 2 na sojojin ƙasa na Maroko, na 3 na Aljeriya, na 4 na Maroko masu yaƙin tsaunuka, na 9 na sojojin mulkin mallaka, na 1 na Faransawan de Gaulle waɗanda suka yi suna a Bir Hakeim a hamadar Libiya, sai kuma na 1 da na 5 na tankoki. Na takwas, wato dibishan na 2 na tankoki na Janar Leclerc, wanda asalinsa daga Chadi ya taso, an tura shi Ingila ya bi ta Normandy tare da Amurkawa. Ban da waɗannan akwai mayaƙan tsaunukan Atlas na Maroko da ake kira goumiers, a ƙarƙashin Janar Augustin Guillaume, masu sanye da jallabiya mai ratsi-ratsi, masu jan alfadarai ta hanyoyin da mota ba ta bi. Jimillar rundunar ta kai kimanin mutum dubu 250. Kusan rabinsu Musulmi ne na Aljeriya da Maroko da Tunisiya, wajen kashi ɗaya cikin uku Turawa ne mazauna arewacin Afirka waɗanda aka yi wa kiran soja mai tsanani, kimanin kashi ɗaya cikin goma kuma baƙaƙen fata ne daga kudu da Sahara. Waɗannan na ƙarshe ana kiransu tirailleurs sénégalais, duk da cewa an ɗebo su daga ko'ina cikin ƙasashen da a yau ake kira Mali da Gini da Burkina Faso da Kodebuwa da Benin da Nijar da Chadi, mafi yawansu ta hanyar kason da ake ɗora wa sarakuna da hakimai. A daidai wannan lokaci ne 'yan uwansu na ɓangaren Ingilishi, ciki har da dubban Hausawa, ke fama a dazuzzukan Bama. Hafsoshi kuwa kusan dukkansu Turawa ne, kuma ɗan Afirka da ya kai muƙamin laftana ko kyaftin ana iya ƙirga irinsa da yatsu a cikin rajimanti.

Huɗu daga cikin waɗannan dibishan sun fara gogewa a Italiya a ƙarƙashin Janar Alphonse Juin, kuma su ne suka ɓalle layin tsaron Jamus ta tsaunukan da ke kudu da Monte Cassino a watan Mayu 1944, abin da ya buɗe hanyar Rum. Wannan nasara ce ta sa Amurkawa suka daina yi wa sojan Faransa kallon raini. Amma dole a faɗi cewa a ƙauyukan wannan yanki wasu daga cikin dakarun sun aikata fyaɗe da kwasar ganima a kan fararen hula, kuma mutanen wurin ba su manta ba har yau.

Mutumin da aka damƙa wa haɗa wannan taro wuri guda, de Lattre, shi kansa ya dace da aikin saboda yana da ƙafa a gidajen biyu. Ya yi wa Vichy aiki, amma da Jamusawa suka mamaye kudancin Faransa a watan Nuwamba 1942 ya ƙi bin umarnin zama cikin bariki a Montpellier, aka yanke masa ɗaurin shekara goma, ya tsere daga kurkukun Riom a watan Satumba 1943, ya isa Landan, daga can ya wuce Aljiyas. Mutum ne mai zafin rai da son ƙawa, mai kiran taro a tsakiyar dare, har sojojinsa suka laƙaba masa sunan Sarki Jean. Ya yi faɗa da Janar de Larminat, ɗaya daga cikin manyan hafsoshinsa, ya kuma kasa jituwa da Leclerc. Duk da haka ya fahimci wani abu da yawancin takwarorinsa ba su fahimta ba, wato cewa aikinsa rabi yaƙi ne, rabi kuma ɗinke ƙasar da ta yage.

An fara kiran rundunar da sunan Runduna B. Ta gwada ƙarfinta a tsibirin Elba a watan Yuni 1944, inda dibishan na 9 ya yi aikin, sannan ta sauka a gabar Provence da ke kudancin Faransa daga ranar 15 ga Agusta, a bayan dibishan uku na Amurka. Tsarin da aka yi ya ƙiyasta cewa za a kama tashar jiragen ruwa ta Toulon bayan kwana 20, ta Marseille kuma bayan kwana 40. De Lattre bai jira dukkan dakarunsa sun sauka ba, ya auka wa biranen biyu a lokaci guda. Dibishan na 9 da na 1 na Faransawan de Gaulle suka kutsa cikin ganuwoyin Toulon daga gabas, 'yan Aljeriya suka zagaya ta duwatsun arewa, Janar Joseph de Monsabert kuma ya shiga Marseille da tirailleurs na Aljeriya da goumiers a lokacin da mutanen gari suka riga suka yi bore. A ranar 28 ga Agusta kwamandojin Jamus na biranen biyu suka miƙa wuya, aka kama fursunoni kimanin dubu 30. A ganina wannan ita ce babbar gudunmawar rundunar ga yaƙin baki ɗaya, ko da yake ba ita aka fi ambato ba, domin a watannin da suka biyo baya, lokacin da rashin mai da albarusai ya tsayar da sojojin ƙawance a arewa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kayan yaƙin da ke shiga Faransa ta waɗannan tashoshi na kudu yake bi.

Daga nan tafiya ta yi sauri. An bi kwarin kogin Rhône, aka shiga Lyon ranar 3 ga Satumba, aka wuce Dijon, aka haɗu da dakarun da suka taso daga Normandy a ranar 12 ga wata. Cikin wannan wata ne aka maido wa rundunar tsohon suna na Runduna ta Ɗaya, aka raba ta rassa biyu, na ɗaya a hannun Janar Antoine Béthouart, na biyu a hannun Monsabert, aka kuma sanya ta, tare da Runduna ta Bakwai ta Amurka, a ƙarƙashin Janar Jacob Devers na Amurka.

A nan ne aka zo wurin da ya fi cancantar a tsaya. Yayin da Jamusawa ke ja da baya, dubun dubatar matasan Faransa da suka yi gwagwarmayar sari-ka-noƙe a dazuzzuka da birane sun fito fili da makamai a hannu, da yawansu a ƙarƙashin jagorancin 'yan kwaminis, suna da nasu muƙamai da nasu shugabanni. De Gaulle yana son abubuwa biyu daga gare su: a shigar da su cikin horon soja kafin su zama wata hukuma a cikin hukuma, kuma duniya ta ga cewa 'ya'yan Faransa ne da kansu ke 'yantar da ita. De Lattre ya rungumi wannan aiki da zuciya ɗaya, ya buɗe makarantun horar da ƙananan hafsoshi, mafi shahara ita ce ta Rouffach, kuma bisa lissafinsa mutum dubu 137 ya shigar cikin rundunar. Matsalar ita ce Amurka ta ƙi ba da ƙarin makamai domin sababbin dibishan a wannan lokaci. Ba yadda za a yi a ba sabon shiga bindiga da riga sai an karɓe daga hannun wani, kuma aka zaɓi baƙaƙen sojoji su zama waɗanda za a karɓe daga hannunsu.

Tsakanin ƙarshen Satumba da Nuwamba 1944 aka janye tsakanin mutum dubu 15 zuwa dubu 20 daga dibishan na 9 da na 1 na Faransawan de Gaulle. Sau da yawa a bayan fagen daga kaɗan ake yin musayar, a cikin taɓo da ruwan sama na yankin Doubs: sojan da ya yi Elba da Toulon ya cire hular kwano da babbar rigar sanyi, ya miƙa bindigarsa ga saurayin da bai taɓa shiga sahu ba, sannan a zuba shi a mota a nufi sansanonin kudu. Har sunayen rajimantocin aka goge, na 4 da na 6 da na 13 na tirailleurs suka koma na 21 da na 6 da na 23 na sojojin ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce sanyi, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin tun Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa ta saba janye baƙaƙen sojojinta zuwa yankin Fréjus idan hunturu ya shigo. Sai dai 'yan Maroko da 'yan Aljeriya an bar su a tsaunukan Vosges sanyi yana cinye musu yatsun ƙafa, kuma takardun hukumomin soja na lokacin da kansu sun yi amfani da kalmar mayar da runduna ta fararen fata. Akwai kuma fargabar da masu mulkin mallaka suke yi cewa sojan da ya ci abinci a gidan Bafaranshe, ya ga Faransa a durƙushe, ba zai koma gida ya ci gaba da cire hula kamar da ba. Abin da ya faru shi ne abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta fuskar yaƙi ma an yi asara, domin an musanya gogaggun mayaƙa da matasa masu zuciya amma marasa horo a jajibirin faɗa mafi tsanani.

Duk da haka rundunar ta yi abin a zo a gani a watan Nuwamba. De Lattre ya bar Jamusawa suka ɗauka cewa ya shiga hutun hunturu, sai a ranar 14 ga wata, cikin dusar ƙanƙara, reshen Béthouart ya afka ta mashigin Belfort, wato sararin da ke tsakanin tsaunukan Vosges da iyakar Suwizalan. A ranar 19 ga wata dakarun dibishan na 1 na tankoki suka isa bakin Rhine a Rosenau, su ne dakarun ƙawance na farko da suka taɓa ruwan wannan kogi da yaƙi, aka kuma ƙwato Mulhouse da Belfort. A arewa Leclerc, wanda ke ƙarƙashin Amurkawa, ya shiga Strasbourg ranar 23 ga wata. Amma tsakanin hannayen biyu Runduna ta 19 ta Jamus ta maƙale a kewayen Colmar, kuma ƙoƙarin fitar da ita a watan Disamba ya ci tura. Mutane sun gaji, waɗanda suka faro daga Italiya ba su ga gida ba shekara da shekaru, ba a samun masu maye gurbin waɗanda suka faɗi, har de Lattre ya rubuta wa de Gaulle yana koka cewa sojojinsa suna jin ƙasar ta yi watsi da su.

A farkon Janairu 1945 Jamus ta kai farmaki a arewacin Alsace, Janar Eisenhower, babban kwamandan dakarun ƙawance, ya yanke shawarar ja da baya zuwa tsaunuka, wanda ke nufin barin Strasbourg. Ta fuskar soja shawarar tana da hujja, amma ga Faransa birnin alama ce ta rikicinta da Jamus tun 1870, kuma mutanensa za su fuskanci ramuwar gayya. De Gaulle ya umarci de Lattre ya kare birnin ko da shi kaɗai ne, ya je ya sami Eisenhower a Versailles ranar 3 ga wata a gaban Firaministan Birtaniya Churchill, aka yi musayar barazana, ɗaya yana maganar yanke mai da harsasai, ɗayan yana maganar hana amfani da jiragen ƙasan Faransa, daga ƙarshe aka janye umarnin. Dibishan na 3 na Aljeriya aka sauko da shi daga tsaunuka ya tsare birnin. Wannan rikici ya fito da matsayin de Lattre a fili: bawan iyayengiji biyu ne, ɗaya yana ba shi man fetur, ɗayan yana ba shi umarnin gwamnati.

Yaƙin Colmar ya fara ranar 20 ga Janairu ya ƙare 9 ga Fabrairu, cikin guguwar ƙanƙara da sanyin da ke sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, a fili fetal mai cike da koguna da magudanai da nakiyoyi. Da aka ga ƙarfin Faransawa bai isa ba, sai aka sanya babban reshe guda na Amurka, na 21 a ƙarƙashin Janar Frank Milburn, a hannun de Lattre, abin da ba kasafai Amurka ke yi wa wani janar na waje ba. A ranar 2 ga Fabrairu Amurkawan da suka isa ƙofar Colmar suka dakata, suka bar tankokin dibishan na 5 na Faransa suka fara shiga. Bayan wannan yaƙi musayar mutane ta ci gaba, ta shafi wasu rajimantocin arewacin Afirka, inda rajimanti na 7 na Aljeriya ya miƙa wurinsa ga wani da aka gina daga 'yan gwagwarmayar kudu maso yammacin Faransa, aka kuma ƙaro sababbin dibishan irin na 14 a ƙarƙashin Janar Raoul Salan.

Zangon ƙarshe siyasa ce tsantsa. Taron Yalta na shugabannin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Soviet ya amince a ba Faransa yankin da za ta mamaye a Jamus, amma ba a shata iyakarsa ba, kuma de Gaulle ya yi imani cewa abin da sojansa ya taka shi ne abin da za a bar masa. Tsarin Amurkawa bai ba Faransawa wani babban aiki a ƙetaren Rhine ba, don haka ya aika wa de Lattre cewa lallai ya ƙetare, ko Amurkawa sun yarda ko ba su yarda ba, ko da a cikin kwale-kwale ne. Kusan haka aka yi, domin a ranar 31 ga Maris aka tsallaka a Speyer da Germersheim da 'yan jiragen roba da ƙananan jiragen injin da aka tattaro. Karlsruhe ta faɗi ranar 4 ga Afrilu, aka zagaye dajin Black Forest, aka shiga Stuttgart ranar 21 ga wata, duk da cewa Devers ya ware birnin ga Amurkawa. Da aka ce su fita, de Gaulle ya ce a zauna, aka kai ruwa rana har maganar ta kai ga Shugaba Truman, kuma sai a watan Yuli Faransawa suka bar birnin. Amurkawa suna da wani dalilin da ba su bayyana ba na son riga su isa wannan yanki, wato masanan nukiliya na Jamus da ke fake a Hechingen da Haigerloch, waɗanda wata tawaga ta musamman ta yi hanzarin kwashewa. Rundunar ta ci gaba zuwa Sigmaringen, inda ragowar gwamnatin Vichy ta yi gudun hijira, zuwa Ulm a bakin kogin Danube, zuwa tafkin Constance da tsaunukan yammacin Ostiriya, kuma daga nan ta samo laƙabinta na Rhin et Danube. A wannan zango ma an tafka ta'asa, musamman a Freudenstadt da aka ƙone tsakiyarsa da kuma Stuttgart, inda mata da yawa suka kai ƙarar fyaɗe, kuma alhakin wannan yana kan masu aikatawa da hafsoshin da suka kau da kai.

Daga Provence zuwa Ostiriya rundunar ta rasa kusan mutum dubu 14 da aka kashe, ban da dubun dubatar da suka jikkata. An rushe ta a bazarar 1945, Janar Pierre Kœnig ya karɓi ragamar yankin mamaya, de Lattre kuma ya ci gaba har ya jagoranci yaƙin Faransa a Indochina, yankin da ya ƙunshi Vietnam, ya rasu a watan Janairu 1952, aka ba shi muƙamin marshal bayan mutuwarsa.

Waɗanda aka janye kuwa sun yi watanni a sansanoni suna jiran jirgin komawa gida, cikin ƙarancin abinci da sutura da jinkirin albashi. Tun a ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan wasu tirailleurs, tsofaffin fursunonin yaƙi da suka dawo suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amince a kira abin kisan kiyashi. A Aljeriya, ranar 8 ga Mayu 1945 ce aka fara zubar da jini a Sétif da Guelma, yankin da aka ɗebo yawancin mutanen dibishan na 3, kuma da yawa daga cikinsu sun dawo sun tarar da abin da aka yi wa ƙauyukansu. A ƙarshen 1959, ana gab da ba ƙasashen Afirka 'yancin kai, majalisar Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin mulkin mallaka a kan adadin wannan lokaci, ta yadda da tafiya ta yi nisa tsohon soja a Yamai ko Bamako ko Rabat yake karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu, aka fara gyara a 2007, kuma ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai daga watan Janairu 2011.